Waƙoƙin Mama Magdalina a Saman Murhu

Ranar Litinin, 6 ga Janairu 1975, na fara ganin Malam Simeon. Ina akawu a ofishin hakimi a Kurfi, tafiretarmu ta lalace, aka ce akwai mai buga takardu a wata makarantar Dutsin-Ma da ya iya gyara. Ya zo a kan babur, da ɗan burushi da kwalbar mai a aljihu. Kafin azahar ya gama. Daga nan ya riƙa zuwa Kurfi ranar kasuwa yana buga wa mutane takardu, ni kuma ina sauka gidansa in na shiga Dutsin-Ma.

Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, mai ƙarancin magana. Yana zaune da matarsa Justina da mahaifiyarsa, Mama Magdalina. Tsohuwar tana da waƙoƙin yarensu, na niƙa da na noma da na makoki, waɗanda ta ce ko a garinsu masu iya su sun ƙare. Kullum da la'asar tana rerawa, shi yana bugawa, yana sa fassarar Hausa a ƙasa. A daminar 1979 gara ta shiga kwalin da yake tara takardun. Na ga abin da ya rage, bai cika tafin hannu ba. Ya sake farawa.

A 1987 wani malamin makarantarsu, Ba'indiye, zai koma gida, ya bar masa tsohuwar kwamfutarsa. Simeon ya kafa ta a ɗakinsa, Justina ta ɗinka mata mayafi. Ya kwashe waƙoƙin ya zuba a ciki, yana ƙara sababbi duk lokacin da aka kawo wuta. Takardun kuwa bai ƙara kula da su ba, gara ta gama da su. Amma faifan ajiyar da ke cikinta ƙarami ne, wani ɓangarensa ma ya lalace, ga tambayoyin jarrabawar makaranta da ba shi da ikon gogewa. Farkon 1988 na'urar ta ƙi karɓar ko layi ɗaya. A lokacin Mama ta fara rama, ta ce kuma waƙoƙin makoki ko rabi ba a yi ba.

Na raka shi Kano wurin wani mai gyara, Sabitu. Sabitu ya ce hanya biyu ce. Ko a sa mata faifan ciki na biyu, babba, wanda sai an sayar da babur za a iya sayensa, ko kuma a sayi ƙananan fayafayai masu taushi, a kwashe tsofaffin waƙoƙi a kansu, a goge na cikin na'ura don a sami wuri.

"Gara tana cin su?" in ji Simeon.

Sabitu ya yi dariya. "Maigida, gara ba ta cin roba. Ka dai adana su."

A mota na ce masa, "Malam Simeon, ka sayar da babur ɗin nan. Ai shi ma ya gaji da kai."

"Akawu, in na sayar, kai za ka goya Mama zuwa asibiti? Ko ka goya ni zuwa Kurfi?"

Ya zaɓi ƙananan fayafayai. Ya kwashe waƙoƙin niƙa da na noma duka a kansu, ya duba kowanne ya ga yana buɗuwa, sannan ya goge na ciki.

Sai maganar wurin ajiya. Fayafayan ba takarda ba ne, amma jakar da suke ciki takarda ce, kuma Mama ba ta yarda da maganar mutumin Kano ba. A gidan, kamar gidajen manoman ƙauyukan Kutawa da Dabawa, ana rataye zangarniyar iri a saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari taɓa ta har damina.

"Abin da ya tsare irin dawa zai tsare waƙa," ta ce. "Ka taɓa ganin gara ta hau hayaƙi?"

"Ban taɓa ba, Mama."

"To ɗaure su can. Kai kuma ɗana na Kurfi, riƙe masa kujera kada ya faɗo min a tukunya."

Ya naɗe su a tsumma, ya rataye su a gefen irin. Babu wanda ya ga laifin haka. Duk bazarar nan da damina suna can, Justina tana girki a ƙarƙashinsu, shi da Mama suna ƙarasa na makoki.

Mama Magdalina ta rasu a watan Nuwamba na shekarar. Bayan an binne ta, danginsu da suka zo suka roƙi Simeon ya buga musu waƙoƙin su tafi da su gida. Ina tsaye ya sauke ƙunshin. Tsumman ya yi baƙi, fayafayan sun lanƙwashe saboda zafi, maiƙon hayaƙi ya shiga cikinsu. Ya sa na farko, na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Sannan ya mayar wa kwamfutar mayafinta.

"Na makoki kawai ta bar mana," ya ce.

Su ya buga wa baƙin. Bayan sun tafi, Justina tana daka, ta soma rera wata ta niƙa ba tare da ta lura ba. Shekaru tana jin su daga bakin surukarta. Wasu ta riƙe su duka, wasu farkonsu kawai.

A makon nan ya sayar da babur, ya koma wurin Sabitu aka sa masa babban faifan. Ya daina zuwa Kurfi. Duk abin da Justina ta tuno, sai ya bar shi a cikin na'ura, ya kwafa a ƙaramin faifai da yake ajiyewa a ofis, ya kuma buga a takarda ya aiko min in sa a akwatin ƙarfe. Abin da aka maido bai kai sulusin abin da ya ɓata ba.

Simeon ya yi ritaya a ƙarshen 1989, ya koma garinsu da Justina da kwamfutar. Ya rasu can bayan shekara huɗu. Takardun da ya aiko suna wurina a Kurfi.