Jirgin da Modibbo Halliru bai hau ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da safiyar Talata, 15 ga Oktoban 2024, bayan an sallame sallar asuba, Allah Ya karɓi ran kakana, Modibbo Halliru na Nasarawa Burkullu, yana da shekara tamanin da 'yan kai. A ɗakinsa ya cika, a kan shimfiɗarsa. Da hamdala na rubuta wannan, domin saura ƙiris da ba haka labarin ya kasance ba.

Modibbo, ni ce Shamsiyya, jikarka mai aikin jinya a Gummi, wadda kake kira amarya tun tana rarrafe, kana cewa ka fasa auren saboda ban iya damun fura ba. Yau ni zan faɗi halinka, kuma ba ka da damar ramawa.

Duk wanda ya san ka ya san gaisuwarka. Mai sauri ba ya bi ta ƙofar gidanka. Sai ka tambayi lafiyar mutum, da ta iyalinsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da gonarsa, da jakinsa in yana da shi. Muna yara muna yi maka dariya, sai da muka girma muka gane da wannan gaisuwar kake riƙe da gari. Ranar da shanun rugarmu suka yi ɓarna a gonar Makau, kafin ya kai ƙara ka riga ka isa zaurensa da damin gero daga rumbunka. Ka yi ta gaishe shi har fushin ya rasa wurin zama, daga nan kuka zama aminai. Shekarar da gubar dalma ta kwantar da yaran Abare a asibitin Anka, kullum sai ka ɗora wa mai babur jarkar madara a kai wa iyayensu mata da ke jinya. Ba ka san ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba ka yarda a faɗi daga inda take zuwa ba.

Mutum ɗaya ne a duniya bai samu wannan doguwar gaisuwa ba, shi ne babana, Abdulrahman, ɗanka na fari. Kunyar ɗan fari irin ta Fulani ka riƙe ta da gaske. Ba ka taɓa kiran sunansa ba, ba ka zama ka yi hira da shi ba. Da aiki ya kai shi Abuja sai ya zama “mutumin Habuja”. Idan ya zo gida, yana durƙushe a gabanka za ka juyo gare ni ka ce in tambayi baƙon ko ya iso lafiya. Na san kana son sa, domin ni kake tsarewa da tambaya ko ya rame, ko yana cin abinci. Shi kuwa ba ya jin wannan.

Akwai kuma abin da kake tsoro, kuma ni kaɗai ka gaya wa. Abokinka Malam Faruku ya rasu a wani asibiti mai nisa, gawarsa ta kwana a firji, baƙi suka yi masa sutura. Tun daga lokacin kake ce mini, “Amarya, in ta zo, ku bar ni nan kusa ga Hawwa'u. Kak ku bari a sa ni ga sanyi.” Hawwa'u kakata ce, ta riga ka da shekaru.

Da daminar bana zuciyarka ta gaza. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Likitan da ya duba ka ya ce sai babban asibiti a Abuja, kuma jikinka ba zai ɗauki doguwar tafiyar mota ba. A gefe ya gaya mini cewa ko an je, kwanaki kawai za a ƙara. Na gaya wa Baba, bai saurare ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da bai taɓa samun hanyar nuna wa ubansa ƙauna da baki ba, ga hanya ta samu. Ya yi ta faɗi-tashi har wurin aikinsa suka samar da jirgin ɗaukar marasa lafiya, wanda zai sauka ranar Litinin a ƙaramin filin jirgi mafi kusa da mu.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya. Titin filin ba shi da fitilu, don haka da faɗuwar rana ake rufe shi, ba sauka ba tashi, ko wane ne a ciki. Matuƙin ya nanata wa Baba cewa lallai mu bar gida da azahar.

Ni aka aiko in sanar da kai, kamar kullum. Ka saurara, sannan ka ce, “Jirgin ga, shina gani da dare?” Na ce a'a, na yi maka bayanin fitilu. Sai ka ce, “Ashe awa shanu yake, magariba na yi sai turke.” Ba ka ce za ka je ba, ba ka ce ba za ka je ba. Ba za ka iya duban ɗanka na fari ka ce masa a'a ba, shi ma ba zai iya tambayarka ba.

Motar asibiti ta iso kafin azahar. Sai ka ce ai ba a tafiya ba sallama, a kira maka maƙwabta ka nemi gafararsu. Wa zai hana tsoho wannan? Makau ya shigo, ka faro daga lafiyar iyalinsa har ka kai kan jikokinsa. Liman ya shigo. Matan unguwa suka shigo. Labari ya kai ruga, sai ga mutane a ƙafa da kan babura, kowa ka tsayar da shi, da numfashinka da ƙyar, ka tambaye shi mutanen gidansa da sunayensu. Baba yana tsakar gida, waya a kunne, yana kai da kawo. Ya ce in shiga in yi maka magana. Na shiga na ce, “Ango, rana fa tana tafiya.” Ka dube ni da wannan idon naka na tsokana ka ce, “Amarya, ke kika aike ta?” A nan na gane abin da kake yi, na fita na ce wa Baba saura kaɗan.

Aka kira la'asar, ka ce sai ka yi salla. Da inuwa ta miƙe, direban motar ya ce ko yanzu aka tashi ba za a isa ba. Matuƙin ya kira ya ce dole ya tashi kafin a rufe filin, zai dawo da safe. Baba ya zauna a kan turmi ya rufe fuskarsa da hannu. Ban taɓa ganin sa haka ba. A ransa ya gaza ne, ya kasa ceton ubansa.

Da asuba ka yi salla a kishingiɗe. Baba na durƙushe a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Na matso don in karɓi saƙo in kai masa. Sai ka ɗaga hannu ka kawar da ni, ka ce, “Abdulrahman.” Baba bai motsa ba, domin bai san muryarka da sunansa ba. Ka sake cewa, “Abdulrahman, taho nan.” Ya rarrafo. Ka kama hannunsa ka ce, “Na ga abin da ka yi. Ka kawo jirgi don ni. Allah Shi yi ma albarka. Ni ne ban son tahiya, ba kai ka kasa ba.” Sannan ka tambaye shi lafiyarsa, da ta matarsa, da ta 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ba ka kai ƙarshen sunayen ba ka koma kalmar shahada.

Rana na fitowa matuƙin ya kira ya ce an buɗe fili. Baba ya yi masa godiya, ya ce ba sai ya zo ba. Kafin hantsi ya yi zafi Liman da Makau sun yi maka wanka, mutanen da ka sallama jiya suka sallace ka, aka kwantar da kai kusa da Hawwa'u. Na yi kuka, amma wallahi zuciyata a sake take. Dokar da ta hana jirgi tashi da duhu an yi ta ne don tsare rayuka, kuma na san akwai waɗanda ta zame wa baƙin ciki, ina roƙon Allah Ya kawo ranar da za a sa wa filin fitilu saboda su. Mu dai ta zame mana rahama.

Ya Allah Ka gafarta wa Modibbo Halliru, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka karɓe shi da sakin fuska irin wadda ya karɓi bayinKa da ita. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yansa da jikokinsa, da mutanen Nasarawa Burkullu na gari da na ruga, da 'yan'uwa na Anka da Gummi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ta'aziyyata ta ƙarshe taka ce, Baba. Ran sadakar uku na ji wani yana ba ka haƙuri cewa jirgi bai yi amfani ba, na ji ka amsa masa cewa ya yi, domin ba don shi ba da har yau ba ka ji sunanka a bakin mahaifinka ba. Allah Ya sada ku a Aljanna, Modibbo ya ƙarasa maka gaisuwar.