Tagar Kwalin Sukari

Jiya na ga fankon kwalin sukari a kantin maƙwabcinmu, na tsaya ina jujjuya shi har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya. Shi ban ba shi labarin ba, amma kai bari in ba ka.

Ina 'yar shekara bakwai sanƙarau ya kwantar da ni, a tsakiyar zafi, a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Na tashi, amma duniya ba ta koma mini daidai ba. Idona garau, ina ganin haske da launi, sai dai da abubuwa sun taru sai su cakuɗe mini. Fuska kuwa ba na gane ta. Wata safiya Inna ta miƙo mini koko, na ce, "Baiwar Allah, ina Innata?" Ta ajiye kofin ta shige ɗaki, na jiyo sheshsheƙarta.

A makaranta baƙaƙe suka cunkushe mini a kan allo, abin da na koya da safe kafin azahar ya zube. Aka yi mini tabarau, bai amfana ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shagwaɓa. Baba ya fara cewa gara in zauna a gida.

Kaka ce ta ƙi. Ta ja hannuna sai asibitin koyarwa. Likitan ya daɗe yana gwada ni, sannan ya ce, "Hajiya, idon lafiya lau. Ciwon ya taɓa inda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani. A riƙa nuna mata abu ɗaya-ɗaya, a yi ta maimaitawa. Ƙwaƙwalwar yaro takan nemi sabuwar hanya."

Kaka ba ta yi boko ba, amma ta riƙe maganar. Ta yanki kwalin sukari, ta huda masa 'yar taga da reza. Bayan la'asar, a inuwar darbejiya, Yaya yakan ɗora shi a kan littafi, kalma guda ta leƙo. Ita tana gefe tana ɓarar gyaɗa. In na fashe da kuka sai ta ce, "Yi ki gama, kalmar tana jiranki."

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ranar da na karanta layi sukutum, Baba na alwala. Ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba masa a ƙafa, ya ce, "Sake." Na sake. Bai ƙara maganar zaman gida ba.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Tarauni. In na ga yaro na laluben layi, nakan kira iyayensa mu yi maganar asibiti, kuma iyayen yanzu sun fi saurara. Fuska dai har gobe tana ba ni wuya, don haka duk wanda na haɗu da shi a hanya nakan gaishe shi, kada in wuce ɗan'uwa. A unguwa cewa ake yi ba a taɓa ganin mai ladabi irina ba.