Sunan da Hawwa Ba Ta Faɗa Ba a Umdurman

Asabar: Mai Wurno zuwa Khartum

Ƙarfe huɗu da rabi, tun kafin kiran assalatu, muka fito ni da Zainabu. Shekararta takwas, 'yar ƙanena ce marigayi Adamu, kuma tun ranar yaye take hannuna, don 'yar fari ce. Da cutar nan mai karya garkuwar jiki aka haife ta, cutar ce kuma ta ɗauke ubanta. Wannan mun saba. Abin da ya tashe mu ƙirjinta ne: shekara guda ke nan ko bakin kogi ba ta kaiwa sai ta zauna sau biyu, ga kumburin ƙafa.

Mahaifiyarta Hawwa, da ke zaune a unguwar Mayo ta Khartum, ita ta aiko. Wai akwai likitoci a Umdurman da aka ba kuɗin bincike kan ciwon zuciya da na huhu da ke addabar mata masu wannan cuta da 'ya'yansu. Wanda sunansa ya shiga, awo da magani kyauta. Ita Hawwa ta shiga wata bakwai da suka wuce.

Minti ashirin muka yi zuwa Sinnar, ƙarfe shida bas ta tashi. A Madani na sayi shayi da madara dinari hamsin, yarinya ta kurɓa sau biyu ta ture. Zamanin soja ne, shinge uku muka wuce. A na ƙarshe wani soja ya hau, ya ji tarin Zainabu, ya ja da baya.

"Ya hajja, me ke damunta?"

"Sanyi," na ce. Allah ya yafe mini, amma ba a bas zan tona asirin marainiya ba.

Mun sauka ƙarfe ɗaya da kwata, ƙaramar bas ta kai mu Mayo.

Daren Mayo bai yi tsawo ba

Ɗaki ɗaya na ƙasa Hawwa ke haya, ita da ƙaramin ɗanta, tana sayar da gyaɗa a bakin garejojin Mantiƙa Sinaiya. Ta rame har na tsorata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, amma ko kallon Zainabu ba ta yi ba. Sai da ta kawo kisra, gurasar dawa mara kauri, da miyar kuɓewa ta ce, "Yaya, 'yar taki ta ci kuwa?" Haka muka taso. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne. Ni kaina na sha yabonta a kan wannan kunya. Muna idar da isha'i muka kwanta.

Lahadi: Umdurman

Ƙarfe shida muka kama hanya, muka canja mota a tsakiyar gari, muka haye gadar Farin Nilu. Bakwai da rabi muna ƙofar wurin likitocin, can bayan kasuwar Umdurman. Ba allo, ba suna, saboda idon mutane. Mata sun cika benci, kowacce ta ja tobinta, wato mayafin matan ƙasar, ta rufe fuska.

Sai sha ɗaya aka kira mu. Likitar mace ce, ba yarinya ba. Ta ɗora abin awo a ƙirjin Zainabu ta daɗe tana saurare, sannan ta buɗe takardun Hawwa. Da Larabci muka yi magana.

"A nan an rubuta ɗa ɗaya gare ki, namiji, kuma shi ba ya ɗauke da cutar. Wannan fa?"

Hawwa ta sunkuyar da kai.

"'Yarta ce ta fari," na ce. "Ni riƙo nake yi."

"To me ya sa da aka tambaye ki 'ya'ya nawa, kika ce ɗaya?"

Me za ta ce? A wurinmu ɗan da aka bayar riƙo an bayar, ba a ƙirga shi. Na yi bayani iya ƙoƙarina. Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Malesh, yi haƙuri, ya hajja. Da ta faɗa ranar nan, da yarinyar na ciki. An rufe ɗaukar sunaye wata uku da suka wuce. Kuɗin na shekara biyu ne, mun nemi ƙari, har yau shiru. Maganin cutar kanta za ta ci gaba da samu. Na zuciyar ne ba ni da inda zan ɗauko."

Raina ya ɓaci, na tashi tsaye. Na ce ashe ciwo ma wa'adi ake yanka masa? Ciwon da zai bi yarinya har ƙarshen rayuwarta, a ba shi shekara biyu kamar hayar shago? Ba ta yi fushi ba. Ta ce ita ma abin da take rubuta wa masu kuɗin ke nan. Za ta sa ta a layin jira, amma sai yarinyar na kusa, don in an kira kwana biyu ake bayarwa.

Ta ɗauki alƙalami. "Sunanta?"

Na buɗe baki, Hawwa ta riga ni.

"Zainabu," ta ce. "Zainabu Adamu. 'Yata ce, ni na haife ta."

Sai ta fashe da kuka. Yarinya ta matso jikina tana kallonta. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da mutuwar Adamu.

Litinin: komawa

Daga Mai Wurno saƙo ba ya zuwa a kwana biyu, balle mutum ya iso. Na bar Zainabu a Mayo wajen Hawwa. A tasha ta riƙe gefen tobina.

"Inna, me zan riƙa ce mata?"

Na ce ta kira ta duk abin da bakinta ya iya. Bas ta tashi ƙarfe bakwai, sojoji ba su tambaye ni komai ba, la'asar ina gida.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa likitar nan, ko ba komai ta saurari ƙirjin. Yau wata huɗu, kira bai zo ba. Maƙwabta in sun leƙo sukan ce, "Ina Zainabu?" Sai in ce tana wajen uwarta.