Ƙaramin Mazarin da Ya Nuna Mini Ruwa

Shekarun baya, bayan ɓarayin daji sun kore mana shanu sun ƙona rumbu, na kwaso mahaifiyata da iyalina muka dawo wani ƙauye kusa da Malumfashi. Abokina ya ara mini 'yar fadama a bakin rafi, na dasa tumatir. Shi ke nan abin da muka mallaka.

Tun bai yi fure ba rafin ya ƙafe. Ganye ya fara yaushi. In ya mutu, ba mu da abin ci har damina.

Manoman wurin kowa yana da ramin da ya haƙa cikin yashin rafi yana ɗiban ruwa. Ni baƙo ne, ban san inda ruwa yake kwance ba. Mahaifiyata ta ce, "Ka duba inda mazari yake taruwa, ka haƙa nan."

Da safe na ga manyan jajayen mazarin nan suna shawagi a kan yashi. Na tuɓe riga na kama haƙa. Har ƙirji na nutse, ko danshi babu. Abokina ya leƙo ramin ya ce, "Malam, rijiya ce ko kabarinka kake gyarawa tun da wuri?"

Na fito daga ramin na koma gida.

Da na gaya wa mahaifiyata, sai da ta yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarta tun kafin mu taso.

"Wannan ɗan yawon ka bi? Ai shi har kasuwar Funtuwa yana zuwa. Ƙaramin nake nufi, siriri kamar tsinken tsintsiya, mai haɗe fukafukansa in ya sauka. Ba shi da ƙarfin tashi, ba ya nisa da ruwa."

Na ce, "Inna, ai duk mazari ne."

Ta ce, "Kai da ƙaninka duk 'ya'yana ne. Halinku ɗaya?"

Washegari na bi rafin a hankali, ido a ƙasa. A wata kwana, ƙarƙashin inuwar ɗinya, na same su maƙale a jikin ciyawa. Wasu shuɗi, wasu kore, wasu kalar busasshen kara. Da ban sunkuya ba, ba zan gan su ba. Na haƙa. Ban kai ƙugu ba yashi ya yi baƙi, ruwa ya fara tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafata.

Tumatir ya tashi. Bai yi yawa ba, amma mun ci mun kai damina.

Yanzu fadamar tawa ce, har da injin ban ruwa. Mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Abin da na koya bai da yawa: mai ƙarfi yana iya kai ka ko'ina, marar ƙarfi yana zaune inda rai yake. Duk wanda na ɗauka aikin feshin magani, ina kai shi kwanar nan in ce, "Daga nan zuwa can, kar ka fesa. Akwai masu wurin."