Ranar da Goggo ta tafi kallon ƙwallo

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumi, a shekarar da mutanen Mubi da rikici ya koro suka cika gidajen Jimeta, ina durƙushe a bakin rariya ina wanke tukwane sai na ga Goggo ta fito daga ɗaki da mayafi da takalmi. Wata takwas ke nan tana gidanmu a Jambutu, ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin.

Goggo yayar Babanmu ce. Ta iso mana a bayan motar ɗaukar kaya ita da ɗanta Hamma Usmanu, ƙafafunta a kumbure saboda tafiyar daji. Mijinta ya ce su yi gaba zai biyo su, ba a sake jin labarinsa ba. Da Mubi ta lafa mutane suka fara komawa, ita ta ce ba inda za ta. Yini take a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, mu muna carafke da 'yar gala-gala a gefenta, ba ta hana mu, ba ta kuma tanka mana. Murfin tukunya in ya faɗi sai ta zabura. Hamma kuwa da safe ya turo mana ruwa a kura daga famfon unguwa, da la'asar ya tafi filin makarantar firamare. Samarin unguwarmu masu buga ƙwallo ba su da mai tsaron gida, suka gwada shi, sai ga shi ya kai su wasan ƙarshe na kofin unguwanni, za su kara da 'yan Yolde Pate a wannan Asabar ɗin.

Babanmu malamin makaranta ne mai doka. Tun da bam ya tashi a kasuwa ya hana mu shiga taro, ko na biki ne. Ya tare Goggo a tsakar gida ya ce, "Adda, kin san halin da gari yake ciki." Ta ce, "Wata takwas ina ɗaki, tsoron bai bar ni ba. Bari in je in ga yarona." Baba ya shiga ya sako hula, ya ce in ɗauraye hannu in ɗauko mata kujera.

A bakin fili 'yan banga suna laluba kowa, an hana shiga da jaka ko leda. An yi ruwa da asuba, gaban raga duk taɓo, an ja layi da toka, kofin yana kan teburin aji an lulluɓe shi da zane. Yara sun cika katanga da rassan mangwaro. 'Yan Yolde Pate sun zo da ganga suna waƙa da Fulatanci, namu suna ramawa da dukan jarka. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu ta matsa mana wuri kusa da igiya. Goggo ba ta san komai game da ƙwallo ba. Ta tambayi Baba dalilin da aka ba ɗanta riga daban aka bar shi shi kaɗai a baya, ko don baƙo ne. Baba ya yi mata bayani, ba ta gamsu ba.

Aka tafi hutu ɗaya da ɗaya. Ba a daɗe da dawowa ba, 'yan Yolde Pate suna kawo hari, sai wata ƙara ta tashi a bayan katanga. Fili ya hargitse, yara suna dirowa daga bishiya, takalma da kwanuka a ko'ina. Goggo ta fizgo ni ƙasa ta kwanta a kaina, ina jin bugun ƙirjinta a bayana. Da na ɗaga kai sai na hango Hamma ya bar ragarsa, yana ratso mutane a guje zuwa wurinmu. Alƙalin wasa bai busa ba, shi ma ya ruɗe. Ɗan gaban Yolde Pate, wani siriri mai lamba tara, ƙwallo na ƙafarsa, raga a buɗe gabansa. Ya dubi ragar, ya dubi inda Hamma ya durƙusa kan uwarsa, sai ya buga ƙwallon waje.

Ashe tayar wani keke mai ƙafa uku ce ta fashe. Mutane suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu, kowa yana dariyar kunya. Goggo ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta dubi Hamma ta ce, "Koma wurinka, ga shi ka bar musu ƙofa a buɗe."

Wasa ya kai bugun daga kai sai mai tsaron gida. Hamma ya faɗa taɓo ya tare na biyu, sai na ji guɗa a kunnena, doguwa mai kaifi, har Baba ya waiwayo. Goggo ce. Duk da haka namu suka zubar da biyu, kofi ya tafi Yolde Pate. A ƙafa muka koma gida, tun daga fili har ƙofa Goggo na faɗan an cuci ɗanta, Baba yana dariya yana ba ta haƙuri. Washegari ta bi Innarmu cefane.

Shekara na zagayowa ta koma Mubi, can Allah ya yi mata rasuwa. Hamma yana da shagon ɗinki a Bekaji, gwiwa ta hana shi ƙwallo. Filin an gina ajujuwa a rabinsa, yaran unguwa kuma yanzu ƙungiyoyin Turai suke musu a kai, kowa da wayarsa a hannu. Na taɓa tambayar Hamma sunan mai lamba taran nan, ya yi tunani ya yi tunani, ya ce bai taɓa sani ba. Cikin irin waɗannan mutane na tashi, kuma sai da na girma na gane darajarsu.