Igiyar da Kaka Ya Tuƙa

Yau da hantsi na tarar da kwikwiyo yana jan takalmina a zaure, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Maharbi ne a ƙauyenmu kusa da Kebbe, yana da tsofaffin karnuka biyu. Wata shekara fatake masu zuwa Tambuwal da jakuna suka bar mana jan kwikwiyo mai ɓarna. Ranar da ya ciji maraƙin Fulanin da suka sauka gonarmu, makiyayin ya rantse zai kashe kwikwiyon. Na ɗauko sanda.

"Aje ta, jikana," in ji Kaka. "Bugu ba shi koya ma kare komi."

Ya tuƙa igiyar kaba, ya haɗa wuyan kwikwiyon da na tsohuwar karyarsa. In ya zabura, ta yi gurnani, ya dawo. Kwana bakwai ya natsu. Har yau ina jin ƙanshin ɗanyar kabar nan a hannunsa.

Sai da na yi furfura na gane dalilin da ya sa, tun rasuwar babana, bai taɓa barina na yi nisa da shi ba. Ni ma a lokacin ba na jin magana.

Allah ya haskaka kabarinka, Kaka.