Neman Fuskar Malam

Ban iya rubutu ba, na ajami ko na boko. 'Yata ta biyu, malamar firamare a nan Tambuwal, ita ke riƙe da biro. Na ce mata duk inda na yi kuka ta rubuta cewa na yi kuka, kada ta gyara mini.

Shekara hamsin da ɗoriya na yi da Malam. A gidanmu na Kebbe an hore mu cewa mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kuma tsura masa ido. Wasu sun ɗauki horon da sauƙi, ni kuwa na riƙe shi kamar farilla. In na kawo tuwo, ƙasa nake kallo. Saboda haka na san ƙafafunsa ciki da bai: fason diddigensa, da babban yatsan da saniya ta taka ya karkace. Na san ƙeyarsa ma, don a bayan babur ɗinsa nake zama in za mu Kebbe gaisuwa.

Ya rasu bayan yankan gero. Ina cikin takaba, wata rana da hantsi ina tsince wake, na rufe ido don in ga fuskarsa. Ga hula, ga gemu, tsakaninsu fili fetal. Na sake rufewa, haka dai. Wake ya zube, na dinga kuka har maƙwabta suka leƙo. Aka ɗauko mini katinsa na zaɓe, don Malam bai yarda da hoto ba sai na dole. A katin ya runtse ido, hoton kuma ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ganin na ƙi cin abinci, sai wannan mai rubutun ta zo da wayarta, wai ta sa an tura mata katun a shagon caji, irin fim ɗin nan da ake zana mutane su riƙa motsi.

Na ce, "Akwai namiji ciki? Takaba fa nika yi."

Ta ce, "Inna, ba mutum ba ne, zane ne."

"To zanen mi ne, na mace?"

Na dai ja mayafi na rufe rabin fuska, sannan na duba. Wani tsoho ne mai gyaran taru a wani gari na bakin ruwa, kansa kamar kabewa, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, yatsunsa huɗu-huɗu, Allah sarki. Da wani yare yake magana, ita tana fassara mini. Matarsa ta mutu, ya wayi gari ya manta kamanninta, sai ya ɗauki sanda yana bin gida-gida yana tambayar mutane yadda take. Nan na saki mayafin.

Na ce, "Tsayar da shi. Wanga tsoho ya fi ni dabara."

Ranar da na fita takaba, ko hutawa ban yi ba na aika a kira wanzamin Malam. Shekara arba'in yana yi masa aski duk Alhamis, wa zai fi shi sanin fuskar? Ya zauna a zaure, ni ina daga ciki ta bakin ƙofa. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya, na faɗa masa buƙatata. Ya yi gyaran murya.

"Hajiya, Malam dai shina da wani ɗan kwari a tsakiyar kai, aska ba ta son wurin. Akwai kuma ɗan tsiro bayan kunnen dama."

"Fuska nika tambaya. Idanu, hanci."

"Hanci kam akwai shi."

"Wane iri?"

"Wallahi Hajiya, in na zo gyaran gemu, maƙogwaro nika kallo, kada in yanka malamin unguwa."

Ashe mu biyu ne. Shekara arba'in yana riƙe da kan mutum bai dube shi ba. Na sa aka ba shi fura, ya tafi yana ba ni haƙuri.

Saura mutum ɗaya, wadda na fi ƙin in je wurinta: ƙanwar Malam da ke aure a Jabo. Abokiyar wasana ce, tun ina amarya ba ta bar ni na sha ruwa lafiya ba. Na hau kabu-kabu, ina ta kallon ƙeyar mai babur, wadda ba ta yi kama da ta Malam ba ko kaɗan. Na same ta tana kaɗi a tsakar gida. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai da ta kwanta kan tabarma don dariya.

"Kai, matar yaya! 'Ya'ya tara kika haifa mishi ba ki san wa kika aura ba? Da an musanya miki shi a kasuwar Sanyinna ai ba za ki gane ba!"

"Zan gane ta ƙafa," in ji ni, sai hawaye.

Da ta ga kukan na gaske ne, ta tashi ta ja ni ɗaki. "Kowa ya san ni da yaya kamar an tsaga kara. Zauna." Ta cire ɗankwali ta kifa tsohuwar hular mijinta, ta yago audugar kaɗi, ta shafa ruwan koko a haɓa ta manna. Allah ya yafe mana. Sannan ta harɗe ƙafa kamar mai ba da karatu, ta kumbura murya: "Ke, ina tuwona?"

Kaina ya sunkuya da kansa. Sai ga ni ina kallon ƙafafun tsohuwa masu lalle.

"Kin gani? Ko ga auduga kunya kika ji! Ɗago kai, ba ni da yini biyu."

Na ɗago a hankali. Da fari ban ga kowa ba sai ita, gemun ma ya fara zamewa gefe. Tana ƙoƙarin danne dariya, sai girarta ta hagu ta ɗaga sama, gefen bakinta ya lotsa. Haka Malam yake yi, sak, duk ranar da gishiri ya yi yawa a miya ya ce ta yi daɗi. Daga girar nan sauran suka biyo: ƙananan idanun nan masu ruwa-ruwa, dogon hancin da ya ɗan karkata.

Na ce, "Shi ne. Amma hancinsa ya fi naki tsawo, kuma akwai tabo ƙarƙashin idon hagu."

Ta cire hular ta buga mini a cinya. "Munafuka! Ashe kina satar kallo!"

Ashe kuwa. Muka rungume juna muna kuka, auduga ta manne mini a kumatu. Rubuta cewa yanzu ma na yi.

Da na dawo gida na ce a kunna mini sauran katun ɗin, in ga ko tsohon nan ya samu fuskar matarsa. Bai samu ba sai can kusa da ƙarshe, bayan ya sha wuya a banza. Tun da aka kunna ina ta ce masa ya nemi ƙanwarta, bai ji Hausa ba.